Baffa, mi ya hana a yi tatsuniya da rana?

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Ƙanenki ya karanta mini shi bayan La'asar, don idona ya daina ganin rubutun waya. Kin ce kina son rubuta littafi a kan labarun gida, kin tafi wajen gwaggonki da hantsi, waya a hannu, kina so ta yi miki tatsuniya ki ɗauki muryarta, ta ce miki ba a yi da rana. Shi ne kike tambaya ko wanga hani yana da tushe, ko camfin tsofaffi ne kawai. Na yi dariya har na ƙware. Daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai, ɗiyar gidanmu, mai karatu a jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu, a ce ba ta san lokacin hira ba.

Mu dai abin da anka faɗa mana muna yara shi ne, wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace a kasuwa. In kuwa ta kama dole, sai an ɗaure Gizo tukun. Ban taɓa ganin wanda ya ɓace ba. Amma Inna, kakata ta wajen uba, ba ta tsayawa gardama da yaro a kan haka. Cewa take yi, "Dare mahutar bawa. Wa zai yi mini surfe in na zauna ina ba ku Gizo da Ƙoƙi?" Ke nan dai kin ji rabin amsa. Da rana akwai ɗiban ruwa, akwai allo, akwai kiwo. Tsohuwar da ta buɗe baki da hantsi ta kashe aikin gida uku.

Amma bari in ba ki labarin wani dare. Lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne, ba a kai ga samun mulkin kai ba, ni ban wuce shekara goma ba. Hunturu ya yi tsanani, munka taru ɗakin Inna, an hura rushi a kasko, fitilar aci-bal-bal tana hayaƙi. Ita tana kaɗi, mazari na juyawa a kan 'yar fatar da take shimfiɗawa gabanta. Yayata ta gaji da jira, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Munka amsa, "Ta zo mu ji ta." Inna ta yi shiru. Can ta aje mazarin ta ce, "Yau babu Gizo. Ku gyara zama."

Sai ta ɗauko ranar da Nasara sunka shigo Sakkwato. Ku a makaranta an ba ku ita a layi ɗaya: 15 ga Maris 1903, an gwabza a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, anka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Duk gaskiya ne. Inna ba ta san ko ɗaya daga lambobin nan ba. Abin da ta sani, tana yarinya, uwarta ta ɗora tukunya da sassafe, sai sunka ji wata ƙara da ba su taɓa ji ba, ba irin ta bindigar maharba mai tashi ɗaya ta huta ba, wagga ba ta numfashi. Kafin rana ta yi zafi dawaki sun fara dawowa, wasu babu mahaya. Anka goya mata ƙanenta, anka ce ta bi mutane. Ta ce tana gudu tana tunanin tukunyar da anka bari bisa wuta, wa zai sauke ta. Sun bi ayarin da ya yi wajen Marnona tare da Waziri Buhari, sun kwana a fili, har manya sunka yi shawara anka komo gari.

Ubanta bai komo ba. Ya shigo gida sau ɗaya, ya ɗauki gafakar littattafansa da buta, ya ce wa uwarta zai bi Sarkin Musulmi, in Allah ya yi a gana. Inna ta ce ba ta riƙe fuskarsa ba, amma ta riƙe cewa takalminsa ɗaya ya tsinke, yana jan sa. Nan ta tsaya, ta ɗauki mazarinta. Ƙaramin cikinmu, da ya saba, ya ce, "Ƙurungus kan kusu!" Wallahi ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ga jika ba sai ran nan. Ba ta buge shi ba, ta dai ce, "Kul! Wanga ba a rufe shi da ƙurungus. Ba ƙarya na yi ba."

Ni kuma da rawar kai na ce, "Inna, Satiru fa?" don na ji sunan a bakin wasu dattawa a zaure. Ta dube ni ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Tafi ka kwanta." Sai da na girma na san abin da ya faru a 1906, yadda mutanen ƙauyen sunka tayar wa Nasara, anka komo da runduna anka share garin, har yau kufai ne. Abin da ya faru nan kusa da mu ke nan, amma a gidanmu ko da dare ba a faɗinsa. Ke da kike neman tarihi daga bakin masu shi, ki san akwai wanda tsofaffi ke bayarwa, akwai wanda sai sun yi shekara suna kallon hankalinki.

Ba ina hana ki rubutu ba ne, garin nan da alƙalami anka san shi. Muhammadu Bello ya rubuta tarihin jihadi da hannunsa a Infaƙul Maisuri. Nana Asma'u ta sa karatu cikin waƙa, ta naɗa jajis, wato matan da ke jagorantar karatun mata, da malfa, sunka kai shi ƙauyuka, mata na niƙa suna rerawa. Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, har ya rasu a 1997 yana tara mana abin da za mu dogara da shi, ga gidan tarihi nan da sunansa, ban sani ba ko kin taɓa leƙawa. Su ma Turawan sun tara tatsuniyoyinmu. Wani Edgar ya buga littafi uku tsakanin 1911 da 1913, da yawa daga nan ƙasar Sakkwato. Sun yi ƙoƙari. Sai dai malamai maza anka sa sunka rubuta musu da ajami, alhali abin na tsofaffin mata ne. Na karanta wasu, labarin yana nan, amma babu tsamin bakin Gizo, babu inda yara ke amsa waƙa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Laifin ma ba naku ba ne ku kaɗai. Mu munka sayo talabijin munka aje tsakar gida, munka tura tsofaffi ɗakin baya. Yanzu bayan Isha'i kowa ya duƙa kan waya, har ni ana karanta mini.

Gwaggonki ta ji abubuwa daga Inna da ni ban ji ba, don ita ke kwana ɗakinta. Ki tafi ran Alhamis da yamma da niyyar kwana. Ki riƙa mata goro fari da ɗan turare, ki taya ta aikin tuwo, ki tara 'yan jikokin gidan, don ba za ta yi wa babbar mace ita kaɗai tatsuniya ba. Wayar ki nemi izninta tukun, in ta ƙi ki bar ta cikin jaka. Kuma ki gaya wa babanki har yanzu ina jiran buhun geron da ya ce zai aiko tun kaka.