Amsa ga 'yar uwarmu ta Marwa kan maganar gashin inji bayan an cire kansar fata

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya mai tambaya daga Marwa, Allah ya ba ƙaninki lafiya, ya sa kaffara ne. Tun jiya da dare na ga saƙonki amma na bari sai na samu natsuwa, dan maganar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce an cire masa ƙullutu a ƙirji, sakamako ya fito an ce kansar fata ce irin wadda ba a cika gani ba, likita ya ce sai ya je Duwala an yi masa gashi, wato a haska wurin da hasken inji mai kashe kansa, shi kuma yana cewa ai ciwo ya rufe me za a gasa, kawunnanku kuma sun ce duk wanda aka sa a injin nan ba ya dawowa. To ni sau 30 na kwanta a ƙarƙashin injin nan, yau shekara 4 kenan, ga ni a Garwa ina ɗinkina alhamdulillah. Ni ba likita ba ne, tela ne, abin da ya same ni kawai zan faɗa miki.

Nawa a kafaɗar hagu ya fito ta baya. Ya fi shekara 6 yana nan kamar tabo mai tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi, kowa ya gani sai ya ce keloyid ne irin wanda ke fito wa mutane bayan kaciya ko hujin kunne. Da ya fara tasowa kamar goro sai na je wani ƙaramin kilinik aka yanke aka ɗinke, naman kuma aka jefar, ba wanda ya ce min a kai shi gwaji, wlh har yau abin nan yana min ciwo a rai. Ba a rufa shekara biyu ba ya dawo, a wuri ɗaya, kuma ya fi na da girma har da 'ya'ya a gefe. A aiki na biyu ne likitan ya saka naman a kwalba aka tura anapat, wato wajen masu duba nama da madubin likita, muka jira makonni, takarda ta dawo da wani dogon suna, dermatofibrosarcome, likitocinmu sun fi ce masa Darier-Ferrand, sunan likitocin Faransa biyu da suka yi bayaninsa a 1924. Ba ki faɗi sunan na ƙaninki ba, dan Allah ki duba takardar, domin kansar fata kala-kala ce, akwai Merkel akwai melanom, kowace da halinta, waɗannan biyun ma sun fi tawa saurin bazuwa nesa ba kusa ba. In ba irin tawa ba ce to ki ɗauki abin da ya shafi gashin kawai.

Yadda likitan ya fahimtar da ni, kuma shi ne abin da nake so ƙaninki ya ji da kunnensa. Wannan ciwon ba ya cika tafiya huhu ko hanta kamar wasu, amma yana da saiwa. Abin da ido ke gani a sama kaɗan ne, a ƙarƙashin fata yana miƙa siraran jijiyoyi kamar ƙiri-ƙiri a gona, ka noma sama ka bar saiwa, ruwa na sauka ya sake tofowa. Shi ya sa in za su yi aikin sukan yanke har da lafiyayyen nama santimita 2 zuwa 3 kewaye da shi, har ƙasa. Sai mai anapat ya duba bakin naman da aka yanko. In ya rubuta marges saines to bakin a tsaftace yake. In ya rubuta marges envahies ko atteintes, ma'ana wuƙa ta bi ta cikin ciwon ne, akwai saura a jiki ko da fata ta rufe sumul. Tawa haka aka rubuta, ta ƙasa, wajen da ya kusa ƙashi. Rufewar ciwo da ƙarewar cuta ba abu ɗaya ba ne Hajiya, ni ma karo na farko ai ya rufe tas.

Abu ɗaya da zan ce ku tambayi likita kai tsaye: za a iya sake aiki a ƙara yanka? Domin a irin wannan ciwon in da hali sake yanka shi ne na farko, gashi yana zuwa ne in wurin ba zai ba da dama ba, ko ciwon ya taɓa dawowa. Ni an ce in aka ƙara yanka hannun zai samu matsala, kuma da hannun nake ci. In likitanku ya riga ya duba wannan ya ce gashi, to kar ku tsaya jan ƙafa. Ana jira ne ciwon tiyata ya warke, makonni kaɗan, ba watanni ba.

Yanzu gashin kansa. Sunan ne yake firgita mutane, ana jin gashi sai a tuna balangu. Babu wuta, babu zafi, ba ka jin komai lokacin da ake yi, kamar ɗaukar hoton ƙashi ne sai dai hasken ya fi ƙarfi kuma an saita shi wuri ɗaya. Ranar farko ba a fara ba, sikana aka yi min aka auna, aka zana min layuka a fata da alkalami aka ce kar su goge. Bayan kwanaki aka kira ni. Kullum Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi hutu, mako 6. Ma'aunin hasken suna ce masa giray, ni 2 ake ba ni kullum har ya cika 60. Ka kwanta yadda suka gyara ka, su ɗora wani abu mai laushi kamar roba a kan tabon dan hasken ya tsaya a fata, su fita su rufe ƙofa suna kallonka ta kamara, injin ya yi ƙara na 'yan mintoci, shikenan ka sa rigarka. Zaman layi ya fi aikin tsawo sau goma.

Mako biyun farko har na fara tunanin ko injin ba ya aiki. A na uku wurin ya fara duhu yana ƙaiƙayi, mu baƙaƙe ba ja yake yi ba, baƙi yake ƙarawa. Wajen na biyar fatar ta fara saɓulewa, ƙarƙashin hammata ya ɗan yi ruwa saboda gumi, kin san zafin Duwala mai danshi ne ba irin namu ba. Kuma ki gaya masa tun yanzu, abin ya fi tsanani mako ɗaya zuwa biyu BAYAN an gama, dan kar ya dawo gida ya ga fata ta ƙara lalacewa kawunnai su ce ai mun faɗa. Haka yake, daga nan sai ta fara warkewa. Sai gajiya, wata irin kasala da ba ta jin barci, daga la'asar na gama aiki. Gashin kaina bai zube ba, ban yi amai ba, wannan na masu shan kimiyo ne, wato maganin kansa mai ƙarfi da ke bin jini, hasken inda aka saita shi kawai yake taɓawa. Tunda nasa a ƙirji ne ya tambaye su game da huhu da zuciya, su suka san yadda za su kauce musu, hakkinsa ne ya tambaya.

Abin da suka hana ni: dirza wurin da soso, ruwa mai zafi, turare, mentolatum, da duk wani mai da ba su suka rubuta ba. Wata baba da muke gida ɗaya ta kawo min man kaɗanya da garin magani da zuciya ɗaya, na karɓa na gode mata amma ban shafa ba sai da na nuna wa nas. Riga mai faɗi ta auduga, ni na ɗinka wa kaina uku kafin na tafi. Maganar wanka da alwala na tambaya dan ta dame ni, suka ce in zuba ruwa ya gangara, in tsane da tawul a hankali, kar in goge zanen. Kuma ba ka ɗauke da hasken a jikinka in ka fito, za ka iya ɗaukar yaro, ka ci kwano ɗaya da mutane, ka kwana da iyalinka. Na faɗi wannan ne dan na ga wata baiwar Allah 'yar Cadi da danginta suka ware mata kofi da tabarma, tana kuka a layi, abin ya tsaya min.

Gaskiyar wahalar ba a injin take ba, a hanya take da aljihu. Ku daga Marwa sai kun zo Garwa, ku wuce Ngaundare, ku kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan mota zuwa Duwala, ko kuma ku yi ta zama a babbar motar haya tun daga farko. Sannan zaman kusan wata biyu a garin da komai da kuɗi. Ni a New Bell na sauka wajen 'yan uwa Hausawa, wani ɗan garinmu ya ba ni ɗaki, Allah ya saka masa, ba dan shi ba ban san yadda zan yi ba. Ba zan faɗi kuɗin da na biya ba dan farashi ya canza kar in ruɗe ku, ku kira asibitin tukuna ku nemi randebu, wato ranar ganin likita, su ba ku lissafin kuɗin a rubuce, ku tabbatar injin yana aiki a lokacin kafin ku sayi tikiti. Ku haɗa kuɗin gaba ɗaya har da na abinci da moto kafin a fara, domin yankewa a tsakiya ba shi da kyau, an lissafa kwanakin ne a jere. Na ga wanda ya yi 12 ya koma gida neman cikon kuɗi, ban sake ganinsa a layi ba. Kawunnan da ke tsoro, ku zaunar da su cikin ladabi, in son samu ne ɗaya daga cikinsu ya raka shi ya gani da idonsa. Mutanen da suka sani da suka rasu bayan gashi, yawanci sun je ne bayan ciwo ya riga ya ci jiki, an ɓata shekaru wajen shafe-shafe da hayaƙi.

Dosiyensa kuma kar a bar ko takarda ɗaya: sakamakon anapat na asali, bayanin tiyata da likitan ya rubuta, hotunan sikana, in akwai hoton ƙullutun kafin a cire ma a waya ku tafi da shi, ni sun tambaye ni ban da shi. Ku yi fotokofi biyu ku ajiye ɗaya a gida.

Bayan an gama ba a sallame ka ba. Ni duk wata 6 ina zuwa a duba tabon, dan in zai dawo ya fi dawowa a shekaru ukun farko, amma yana iya daɗewa fiye da haka, shi ya sa har yanzu maiɗakina takan shafa wurin ta ji ko akwai wani tauri tunda ni ba na gani. Fatar wurin ta fi sauran duhu da tauri, kafaɗar takan riƙe lokacin sanyi, ina motsa ta yadda aka koya min, kuma a zafin Maris da Afrilu na Garwa ba na barin rana ta buge ta. Akwai kuma ƙwaya da ake kira imatinib da ake ba masu irin ciwona in tiyata ta gagara ko ya bazu, ni ba a kai ga ba ni ba, na ambata ne dan in kun ji sunan kar ku ɗauka madadin gashi ce da za a saya a faramasi.

Hajiya in ba damuwa ki rubuto min sunan ciwon da layin da aka yi maganar marges ɗin yadda yake a takardar, ki rufe sunansa. In kuma shi ƙanin naki yana so ya ji daga bakin wanda ya kwanta a wurin, ya yi min magana ta akwatin sirri bayan isha'i, lokacin na rufe shago.