Likita, da gaske maganin wanke jini yana mai da SS ya koma AA?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Garwa nake rubuto maka. Ɗana mai shekara huɗu sikila ne, SS. A watan jiya ya kwanta asibiti har aka ƙara masa jini. Da aka sallame mu, ƙanwar mijina ta kai mu wurin wani mai magani da ya ce yana wanke jini. Yaron ya sha kwalba biyu, muka sake gwaji, takarda ta nuna AS. Mai maganin ya ce saura kwalba uku ya koma AA, kuma mu daina ba shi ƙwayoyin asibiti don suna karya maganin. Na daina, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Da gaske ya fara warkewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki mayar masa da ƙwayoyinsa yau ɗin nan. Zuciyarki da ta ƙi kwanciya ta gaya miki gaskiya.

Harafin A da kika gani a takarda na bawan Allahn da ya ba ɗanki jini ne. Lafiyayyar jar ƙwayar jini tana yin kusan kwana 120 a jiki kafin ta mutu, don haka duk gwajin da aka yi makonni kaɗan bayan ƙarin jini zai ga jinin mutum biyu a gauraye, A na baƙo da S na yaro, sai a rubuta AS. Kamar ki aro gero daga rumbun maƙwabciya ki zuba a buhunki ne: buhu ya cika, amma irin da aka shuka a gonarki yana nan yadda yake, kuma shi za ki girba.

Gonar ita ce ɓargo. A can cikin ƙashi ne uwayen ƙwayoyin jini suke, kuma kowace tana da cibiya mai ɗauke da DNA, wato rubutun gado da ke tsara halittar jiki, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, rabi daga gare ki, rabi daga mahaifinsa. A kan na 11 aka rubuta yadda za a haɗa wani ɓangare na himogulobin, sinadarin da ke dakon iskar oksijin. A wurin mai sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya a rubutun, sai tubali na shida cikin tubala 146 na wannan ɓangare ya zo daban. Idan oksijin ya yi ƙasa, irin wannan himogulobin yakan manne da juna ya zama dogayen sanduna, ƙwayar da ya kamata ta zama mai laushi ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin da ke hana shi barci daga nan yake. Kuma irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa.

Ga abin da nake so ki riƙe game da wannan magana ta wanke jini, wadda kusan kowane mako sai wata uwa ta shigo mini da ita. Jar ƙwayar jini, kafin ta bar ɓargo ta shiga jijiya, tana tofar da cibiyarta gaba ɗaya. Ba ta ɗauke da rubutun ko kaɗan. To me za a wanke? Ko da akwai ruwan da zai share jinin yaro tas, a jikin babban mutum ɓargo yana fitar da sababbin ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, a jikin ɗanki ma bai taɓa hutawa ba, kuma kowace sabuwa da umarnin nan na S ake haɗa ta. Babu saiwa, babu sassaƙe, babu zuma ko habbatus sauda da za ta bi ta hanji ta shiga ɓargo ta nemo harafi ɗaya a cikin harufa biliyan 3 ta gyara shi. Masu lasifika a bakin kasuwa da masu tura murya a WhatsApp sun san lokacin da za su ce a je a yi gwaji: daidai bayan ƙarin jini, lokacin da yaro ya yi jajir a tafin hannu yana wasa. Na ga uwar da ta sayar da awakinta da zannuwan aurenta saboda wannan takarda, bayan wata uku ta dawo da yaro a goye, idonsa rawaya, numfashi sama-sama. Wannan cin amana ne, kuma wanda ya ce wa uwa ta daina ba ɗanta maganin da ke kare ransa, zai amsa tambaya a gaban Allah.

Mu ma'aikatan lafiya muna da namu laifin. Sau da yawa ana miƙa wa uwa sakamako da Faransanci ta taga, ba wanda ya tambaye ta yaushe aka ƙara wa yaron jini. Wasu wuraren ma gwajin Emmel kawai ake yi, wanda ke nuna akwai S amma ba ya bambanta AS da SS.

Abin da ke warkar da sikila shi ne dashen ɓargo, wato a sauya gonar da kanta. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, inda ake ciro uwayen ƙwayoyin a gyara su a ɗakin bincike a mayar, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Shi ɗin ma bai goge S ba, himogulobin na jarirai yake tayarwa, wanda ba ya sandarewa. Maganin haidiroksiyuriya ma ta wannan hanya yake taimakawa, kuma shi kam ki tambayi likitanku ko ya dace da ɗanki.

Cikin ƙwayoyin da kika dakatar, penisilin shi ya fi tayar mini da hankali. Sikila tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, kuma saifa ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta da kan iya kashe yaro cikin yini guda. Shi ya sa ake ba yara masu sikila penisilin kullum har aƙalla shekara biyar. Ki haɗa da folik asid, ki tabbata rigakafinsa sun cika, ya kwana cikin gidan sauro. Zafin Garwa na Maris da Afrilu yana tsotse ruwan jiki, kada buta ta yi nisa da shi. Da hunturu kuma ki rufe shi, ban da wankan ruwan sanyi da asuba. Idan zafin jikinsa ya kai 38.5, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko ya yi fari fat, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ki ɗauki kwalbar maganin nan ki kai wa likitansa ya gani, don wasu haɗe-haɗen suna taɓa hanta da ƙoda. Bayan wata uku cur da ƙarin jinin, a sake gwaji da elektoroforesis, wato gwajin da ke bambanta AS da SS, kuma ki tafi da ƙanwar mijin naki ranar karɓar sakamako.