Kwanson Harsashi: Sabo Zan Sara Ko Wanda Aka Harba?

Wani ɗan'uwa mazaunin Houston, jihar Texas ta Amurka, ya aiko da tambaya. Yana da ɗan shagon kayan farauta, kuma yana so ya fara sayar da kwanson harsashi ga masu sake cika harsashinsu a gida, abin da doka ta halatta a can. Jarinsa kaɗan ne. Shin sabo zai saro, ko wanda ake tsintowa a filayen koyon harbi?

Malam, in ni ne, da wanda aka harba zan fara. Sabon kwanso na kamfanoni irin su Starline da Hornady da Lapua ta ƙasar Finland kaya ne mai kyau, amma kowa ya san farashinsa a intanet, manyan dillalai kuma sun fi ka samun rangwame. Ribar da za ta rage maka ba ta taka kara ta karya ba, ga kuɗinka a kwance a kan kanta.

Tsohon kwanso kuwa, ribarsa a tsinta take. Za ka sayo shi a bokiti, a cakuɗe, kusan a farashin 'yan gwangwan, ka zauna ka ware shi. Sa maganaɗisu ya kwashe na ƙarfe. Fitar da na alminiyom, ba a sake cika shi. Leƙa ciki: mai rami ɗaya a tsakiya, wato samfurin Boxer, shi masu saye ke nema; mai ramuka biyu, samfurin Berdan, wahala ce kawai. Wanda ya tsage a baki ko ya kumbura a gindi, kada ka yi masa kwaɗayi, domin fuskar mutum ce a bayan bindigar. Wannan tarkacen ma ba asara ba ne. Tagullar kwanso kusan kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 zinki, masu sayen ƙarafa za su auna su biya ka.

Ka fara da kwanso mai girman 9mm da mai girman .223, su ne ke tafiya kullum. Na soja mai tambarin Lake City, masana'antar harsashin sojan Amurka, yana da masoya, sai dai ka sanar da mai saye cewa an danne gurbin firaimarsa, wato ɗan abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso, akwai ƙarin aiki kafin a sa sabuwa.

Inda nake ja maka kunne shi ne kalmar "sau ɗaya aka harba". Kwanson da aka share daga filin jama'a, ba wanda ya san tarihinsa. In ba daga wurin horon 'yan sanda ko soja ya fito ba, rubuta masa "gauraye" ka rage kuɗi. Masu wannan harka sun san juna, mutum ɗaya ya kama ka da ƙarya, kasuwa ta watse.

Sabon kuma ka ajiye kaɗan saboda masu gasar harbin nesa, su ba sa ciniki.

Sai maganar doka. A dokar tarayyar Amurka kwanso kansa harsashi ne, ko da babu komai a ciki. Cika shi don sayarwa sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, fitar da shi waje kuma sai da izinin gwamnati. Saboda haka duk wanda ya ce ka saƙa masa 'yan kaɗan a kwantenar da za ta Legas, ka ba shi haƙuri. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana jiran ku duka biyun a tashar Apapa.