IL-6 ya haura 200: shin in ba wa mai jinin sakamakonsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a nan Kaduna, ina kuma haɗa digiri na biyu. Na auna IL-6 (wani furotin mai nuna kumburi a jiki) a jinin wasu marasa lafiya da ELISA, gwajin da ake zuba ruwan jini a ƙananan ramukan faranti, na'ura ta karanta. Wasu sun fito ƙasa da 5 pg/mL (ma'aunin yawansa a ruwan jini), wasu sun haura 200, kuma jinin mutum ɗaya da na zuba a rami biyu ya ba ni lambobin da ko kama ba su yi ba. Samfuran sun daɗe a firiza, an kuma sha ɗauke wuta. Oga ya ce in rubuta wa masu jinin sakamako su kai wa likita. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gara da bai kwanta ɗin ba.

Rami biyun nan su suka fara tona asiri. In tazararsu ta wuce kashi 15 cikin 100, wannan lamba ba ta rubutawa ba ce. Ki duba hannunki wajen zubawa, ki duba kumfa a rami, ki duba ko wankin faranti ya fita kafin ki karanta a na'ura a 450 nm (zangon hasken da ake karantawa da shi). Firiza kuwa, duk narkewa da sake daskarewa suna iya taɓa furotin ɗin, shi ya sa ake raba ruwan jini a ƙananan kwalabe tun ranar farko, a ajiye a firiza mai sanyin -80°C in akwai. Jinin da aka bari kan tebur cikin zafin Maris ba a juya shi a injin da ke ware ruwansa ba, fararen ƙwayoyinsa ba su daina aiki ba, abin da kika auna ba shi ne abin da ke jikin mutumin ba. Kada kuma ki gwama siram (ruwan jinin da aka bari ya sandare) da filasma (ruwan jinin da aka hana sandarewa) a lissafi ɗaya.

Amma maganar oganki ta fi damuna, don kullum sai na ci karo da irinta. Ɗauko kwalin kit ɗin, wato kayan gwajin, ki juya shi. Mafi yawan waɗanda ake sayowa don aikin digiri za ki ga RUO a jiki, kamfanin da kansa ya rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na gano cuta ba. Ko lambar ta fito daidai, me ta ce? IL-6 saƙo ne da jiki ke aikawa in akwai kumburi, shi ke sa hanta ta fitar da CRP, wani furotin da ake aunawa don gane kumburi. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi. Ƙwayar cuta a jini tana ɗaga shi, haka tiyata, ƙuna, ƙiba, har doguwar tsere. Kamar ihu ne a unguwa cikin dare: kin ji an yi, amma ba ki san ɓarawo ne ko gobara ba. Ga shi 200 a kit ɗin wannan kamfani ba lalle ta zama 200 a na wancan ba, don antibodin (sinadarin da ke kama IL-6 a gwajin) da ma'aunin kowa daban. Masu ciwon gaɓoɓi ma akwai abin da ke jininsu da kan manne wa antibodin gwajin ya ba da lambar ƙarya.

To a haka za a miƙa wa bawan Allah takarda? Na ga dattijuwa da aka ja wa jan layi ƙarƙashin lambar, wani mai farar riga da ba likita ba ya ce mata daji ne ya fara cin jininta, ya ɗora ta kan jarkar maganin “wanke jini”. Ta sayar da awakinta. Maleriya ce ke damunta, wadda gwajin gaggawa na ɗigon jini, na minti 15, zai nuna. Irin waɗannan mutane lamba suke nema su tsorata talaka, mu kuma in muka buga hatimi a takardar mun ba su makami da hannunmu. Lasisin da hukumar MLSCN mai kula da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje ta ba ki, sunanki ne a kai, ba na oga ba, kuma jinin nan amana aka ba ki don bincike, da sharaɗin da suka sa wa hannu.

Ki gaya wa oga cikin ladabi cewa ba za ki sa hannu ba. In cikin masu jinin akwai wanda jikinsa ya yi tsanani, a tura shi asibiti yau, likita ya duba shi ya nemi gwajin da ya dace. Samfuran da suka narke kuwa ki ware su, ki faɗa wa malamin da ke duba aikinki gaskiyar abin da ya faru, ki sake ɗiban sababbi.