Farfaɗo da tsohon katun na jarumai: ta ina ake farawa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe. Kana son sanin dalilin da ya sa idan kamfanonin Amurka suka dawo da tsohon katun na jarumai, irin su Ben 10 da Powerpuff Girls, sai ya fito da wata kama daban har masoyansa na da su yi ta ƙorafi. Sannan kana tambaya, idan kai da abokan aikinka za ku ɗauko wani tsohon shiri ku sabunta shi, ta ina za ku fara. Amsar ɗayar tana cikin ɗayar, don haka bari in haɗa su.

Kafin fensir ya taɓa takarda, a fara da takardar mallaka. Katun ɗaya yakan kasance da masu haƙƙi da yawa: mai jarumin kansa, mai zanen da aka yi masa a wancan shirin, mai kiɗan buɗewa, mai izinin yin kayan wasa, da tashar da ta biya kuɗin aikin. Dubi abin da ya faru da The Spectacular Spider-Man. An fara shi a 2008, yara da manya sun karɓe shi, amma ya tsaya a kashi 26. A 2009 haƙƙin yin katun ɗin talabijin na jarumin ya bar hannun Sony ya koma wa Marvel, a shekarar da Disney ta sanar da sayen Marvel ɗin, alhali zane da labaran wancan shirin suna nan a hannun Sony. Mai jarumi ba shi da shirin, mai shirin ba shi da jarumi. Dole aka bar shi aka ƙirƙiro wani sabo a 2012. Saboda haka ku zauna ku rubuta kowane abu da kuke son ɗauka daga tsohon shirin, suna, tambari, kiɗa, kamannin jarumi, muryoyi, a gaban kowanne ku sa sunan mai shi, kuma ku karɓi izini a rubuce wanda ya faɗi shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, a talabijin ne kaɗai ko har da intanet. Idan jarumin na wani babban kamfani ne kuka yi aiki da shi ba izini, komai kyawun aikin za a iya sauke shi daga YouTube rana ɗaya.

Abu na biyu shi ne inda yawancin masu sabuntawa suke faɗuwa: wa ake yi wa shirin? Yaron da ya kalli Ben 10 a 2005 yana ɗan shekara 8, a 2016 da aka sabunta shi ya kai 19. Tashar yara ba shi take nema ba, ƙaninsa take nema, ɗan shekara 6 zuwa 11 wanda bai san an taɓa yin wani ba. Shi ya sa aka mayar da Ben ɗan shekara 10, bayan an riga an girmar da shi a shirye-shiryen da suka biyo bayan na farko, aka sauƙaƙa zanen, aka ƙara barkwanci. Babba yana kallo yana cewa an lalata masa abu, alhali ba shi aka ɗinka wa rigar ba.

Hanyoyin uku ne, kuma kowacce ta taɓa yin nasara. Akwai wadda za a ci gaba daga inda aka tsaya don waɗanda suka girma da shirin, kamar X-Men '97 da ya fito a Disney+ a 2024 da kashi 10. Ya ɗora daga ƙarshen wanda aka yi tsakanin 1992 da 1997, ya riƙe kiɗan buɗewarsa, ya dawo da wasu daga cikin masu muryoyin asali, kuma bai ɓoye cewa da manya yake magana ba. Akwai wadda za a sake gina labarin daga tushe da sabon zane, kamar She-Ra na 2018 a Netflix, mai kashi 52. Akwai kuma wadda za a bar jaruman a sauya nau'in shirin ɗungurungum. Teen Titans na 2003 labarin faɗa ne mai nauyi. A 2013 aka mayar da shi wasan barkwanci na minti 11 da masu muryoyin nan biyar dai, tsofaffin masoya suka yi ta kuka, yara kuwa suka rungume shi har ya haura kashi 400. Wadda ba ta aiki ita ce a ce za a gamsar da ɗan shekara 7 da ɗan shekara 30 a lokaci guda, kowa da rabin abin da yake so. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku rubuta shekarun mai kallonku a saman shafin farko na kundin shirin, duk wata gardama da ta taso daga baya a koma can a raba ta.

Daga nan sai aikin da na fi ba muhimmanci, wato gano abin da yake juya shirin. Ku zauna ku kalli tsohon daga farko har ƙarshe da littafi a hannu, kuna rubuta abin da yake maimaituwa a kowane kashi. Ba kaya ko launi ake nema ba, abin da ke haifar da labari ake nema. A Ben 10 ba halittu goman da yake rikiɗa ne kawai ba. Agogon hannunsa ne, mai rikiɗar da shi zuwa halittun, da ba ya bin umarni. Yaro ya danna yana neman mai hannu huɗu don ya ɗaga mota, sai ya tsinci kansa ɗan mitsitsi kamar kwaɗo, dole ya yi amfani da ƙwaƙwalwa. Ko ana tsakiyar faɗa, tambarin ya fara ƙyaftawa da jan haske yana ƙara, lokaci ya ƙare, ga shi ya koma yaro a gaban dodo. Wannan rauni shi ne injin shirin. Cire shi, ka ba yaron agogon da ba ya kuskure, ka kashe labarin ko da zanenka ya fi na da kyau sau goma. Sabuntawar 2016 ta riƙe wannan, ta riƙe tafiyar hutu a mota da kakansa da 'yar'uwarsa, shi ya sa ta yi ta tafiya har 2021.

Powerpuff Girls kuwa, wanda Craig McCracken ya ƙirƙira aka fara a 1998, abin da ya ɗauke shi shi ne saɓani: 'yan mata ƙanana 'yan makarantar reno, masu manyan idanu, amma idan suka kai wa dodo naushi har haƙori yake fita. Da aka dawo da shi a 2016 ba tare da McCracken ba, an rage faɗan, an ƙara zancen wayar hannu da abubuwan da ake yayi a intanet, an sauya masu muryar 'yan matan uku. A ganina rage faɗan ne babban kuskuren, don ya ɗauke rabin saɓanin, sai aka bar 'yan mata masu ban sha'awa kawai, irin waɗanda ke cike a kowace tasha. Zancen yayi kuma yana da wata illa ta daban. Kashi ɗaya yakan ɗauki wata tara ko fiye daga rubutu zuwa fitowa, kafin nan abin da ake yayin ya daɗe da tsufa. A 2022 aka sanar da cewa McCracken zai koma ya jagoranci wata sabuwar sabuntawar da kansa.

Abin da kuka gano ɗin ku taƙaita shi a jimla uku ko huɗu, ku ce waɗannan ba a taɓa su. Sauran duka, tufafi, gari, mota, har wasu mugayen, a sake su ba tsoro.

Yanzu lissafi. A shekarun 1980 ana yin kashi 65 a zango ɗaya, don ya cika mako 13 ana nunawa Litinin zuwa Juma'a. He-Man da ThunderCats duk kashi 130 suka yi, wato 65 sau biyu, kowanne kimanin minti 22. Yau abin da tashoshin yara suka fi saya shi ne kashi 52 masu minti 11. Wannan ba rage tsawo kawai ba ne, sauya ginin labari ne. A minti 22 kana da wurin labari babba da ƙarami a gefe. A minti 11 matsala ɗaya ce tak, ta bayyana kafin minti na biyu, ta dagule a tsakiya, a warware ta, a rufe. Duk wanda ya ɗauko tsohon rubutu ya matse shi, abin da yake fara zubewa shi ne wuraren da jarumai ke zaune suna hira, kuma a nan ne yaro yake koyon son su.

Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Katun ɗin talabijin yakan bar kowane zane ya zauna a hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti, 7,920 a kashi mai minti 11 idan komai yana motsi ba tsayawa. Ku riƙe wannan adadin a rai lokacin da mai zane ya kawo muku sabon jarumi da ɗamara mai maɓalli takwas da zane-zane a kafaɗa. Kowane maɓalli sai an zana shi dubban sau, kuma sai ya zauna a wuri ɗaya ko jarumin ya juya. Wannan ne dalilin da ya sa sababbin katun suke fitowa da layi kaɗan da siffa mai sauƙi, ba lalaci ba ne. Gwajin da ake yi shi ne a cike jarumin da baƙi gaba ɗaya, a bar inuwarsa kawai. Idan wanda ya san tsohon shirin ya gane shi daga inuwar, sabon zanen ya yi. Sannan a zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, da rabin juyawa, a jera shi da sauran jarumai don a san tsawon kowa, a fitar da siffofin baki shida zuwa tara na magana. Idan ba a yi wannan ba, kan jarumi zai riƙa girma yana ƙanƙancewa daga wannan fage zuwa wancan. Ku tuna kuma tsohon an yi shi ne don akwatin talabijin mai ma'aunin 4:3, na yanzu 16:9 ne, don haka tsofaffin hotunan bango ba za su cika allon ba, sai an sake zana su.

Jerin aikin ba a tsallake shi: rubutu, ɗaukar murya, zanen labari hoto-hoto, sai a haɗa hotunan da muryar a kalla kamar fim tun ba a sa motsi ba. A wannan mataki ake yanka da ƙari, don gyara a nan aikin yini ne, bayan an sa motsi kuwa aikin makonni ne. Murya ce ke riga motsi, domin a kanta ake auna baki. Ƙaramar ƙungiya ta fi dacewa da gina jarumi gaɓa-gaɓa kamar 'yar tsana a manhaja irin Toon Boom Harmony ko Moho, ko Blender da OpenToonz da suke kyauta. Sai dai ku sani, wannan hanya tana da kyau a hira da tafiya, amma a faɗa takan sandare. Wurin naushi, tsalle da rikiɗa a zana su da hannu, kuma a ware musu kuɗi tun farko. Rikiɗar jarumi a yi ta sau ɗaya da matuƙar kyau, a riƙa maimaita ta. Yara ba sa gajiya da ita, jiranta ma suke yi.

Faɗan kansa yana da ƙa'ida. Abin da yaro zai iya kwaikwaya a gida, wuƙar kicin, ashana, shaƙe wuya, tsalle daga kan rufi da zani a wuya, tashoshi ba sa yarda da shi, shi ya sa ake yawan sa jarumai suna farfasa mutum-mutumin ƙarfe. Haske kuma a kula da shi sosai. A Disambar 1997 wani kashi na Pokémon a Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa ɗaya, musamman mai jan launi. Katun ɗin jarumai cike yake da fashewa da harbin haske, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Game da kuɗi, yawan masu kallo ba shi kaɗai ke raya irin wannan shirin ba. ThunderCats na 2011 an yi masa zane mai tsada a wani sutudiyon Japan, an yabe shi, amma ya tsaya a kashi 26 da labarinsa a buɗe, kuma rashin cinikin kayan wasansa na cikin dalilan da aka fi ambata. Darasin da ke ciki a aikace shi ne kowane zango ya rufe babban labarinsa, a bar 'yar ƙofa kawai, don ba wanda ya tabbatar muku da zango na biyu.

Ku fara da gwaji na minti uku, zane 2,160 ke nan a mafi yawa. Ku tara yara biyar ko shida masu shekarun da kuka rubuta, waɗanda ba su san tsohon ba, ku kunna musu, ku koma gefe ku yi shiru. Kada ku tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Ku duba daƙiƙar da idonsu ya bar allo, ku rubuta ta. Bayan an gama ku saurara ko wani zai kwaikwayi motsin jarumin ko ya maimaita kalmarsa. Idan ba wanda ya yi, ku koma kan jimlolin nan uku ko huɗu, akwai wadda ta faɗi a hanya.

Wajen haɗa sauti kuma, ku adana muryoyi a layinsu daban, kiɗa da ƙarar abubuwa a nasu daban. Ranar da za a juya shirin zuwa Hausa ko Faransanci ko Larabci, muryar kawai za a cire a sa wata. Idan kun cakuɗa su wuri ɗaya, sai an sake gina sautin kowane kashi daga farko.