Launukan Taminal Da Suka Ɓace Maka

Awudu, jiya a shago ka tambaye ni me ya sa launukan da ka shafe yamma guda kana gyarawa a taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, suka ɓace bayan ka sake ɗora Ubuntu. Masu gyara sun cika mana wuri, ban samu zama da kai ba, to ga amsar.

Umarni irin su ls, mai jero sunayen fayiloli, ba su ke zaɓen launi ba, lamba kawai suke turawa. Launukan asali 16 ne, daga 0 zuwa 15: takwas na farko, sai 'yan'uwansu takwas masu haske. Taminal ce ke yanke wane irin shuɗi ne lamba 4. Ka tuna ranar da ka kai hancinka dab da allo kana neman sunan folda, rana ta shigo ta ƙofar shagon nan na Aboabo? Wannan shuɗin mai duhu ne a kan baƙi. Ka ƙara wa 4 da 12 haske, sauran ka bar su tukuna. Ni ban yarda yaro ya fara daga babu ba. Ɗauki shiryayyen tsarin launuka na Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011, yana da na duhu da na haske, sai ka taɓa abin da ke damun idonka kaɗai. Ja kuma ya tsaya ja sosai, don da shi saƙon kuskure ya fi fitowa.

Batun ɓacewa kuwa, GNOME Terminal tana ajiye saitinta a dconf, ma'ajiyar saiti da ke cikin foldarka ta gida (home) a kwamfutar. Da ka goge faifai, ya tafi da shi. Kafin ka goge, rubuta:

dconf dump /org/gnome/terminal/ > launuka.txt

Bayan ka gama ɗorawa:

dconf load /org/gnome/terminal/ < launuka.txt

Fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai. Sa shi a filashin da ke rataye da makullin shago, ka haɗa da fayil ɗinka na .bashrc, domin launin wurin rubuta umarni a can yake zaune, a layin da ake kira PS1.

Abu ɗaya nake so ka ƙara: buɗe saiti na biyu mai bango ja-ja, na shiga injin kwastoma kaɗai. Na taɓa goge folda a injin mutane ina zaton nawa ne, tagogin biyu duk baƙaƙe, na kwana ina maido musu da aikinsu.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin azahar, ka yi dump ɗin, ka gwada shi a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, sannan ka kira ni in gani.