Kafin a yaye ka, juya ɗinkin ka dubi bayansa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka jima kana ɗinkin lifidi, wato rigar doki mai auduga a ciki, da bargon ƙyalle a gaban maigidanka a Argungu, mutane sun fara yaba hannunka, amma shi bai ce uffan ba kan maganar yaye. Kana son sanin abin da ya sa al'ada ta hana ɗan koyo karɓar aikin kansa kafin a sallame shi, da yadda za ka gane inda ka kai.

Dalilin yana cikin sana'ar. Tela in ya ɓata riga, mai ita zai gani ranar da ya sa. Ɗinkin da ake cusa auduga tsakanin yadi biyu kuwa, aibinsa a ciki yake kwance, sai an yi wanki biyu ko uku, ko doki ya jiƙa shi da gumi ranar hawan sallah, sannan ya fito. A lokacin an riga an biya, kuma sunan gidan da ya koya maka ne zai ɓaci. A da can abin ya fi haka nauyi, don lifidi kayan yaƙi ne, duk inda auduga ta zame ta bar yadi fayau, nan kibiya za ta samu hanya. Shi ya sa maigida ke jiran ya ga aikin yaronsa bayan ya sha jiki. Kada ka ɗauka ƙyashi ne.

Masu yabonka fuskar ɗinki suke kallo. Kai juya shi. Tsawon ɗinkin baya ya kamata ya yi daidai da na gaba. In na baya ya fi gajarta ko ya karkace, allurarka ba ta shiga a tsaye. Ɗora tef ka ƙirga. A bargo mara kauri, sabon hannu yakan samu huɗu ko biyar a inci ɗaya, wanda hannunsa ya faɗa shida zuwa takwas. Amma biyar masu kai ɗaya sun fi takwas da wani ya fi wani. Ka auna farkon layi da tsakiya da ƙarshe, domin a ƙarshe ne gajiya ke buɗe ɗinki. A lifidi mai kauri ba a neman ƙanƙanta: basilla ta nutse a tsaye, a ja zare, ta dawo a tsaye. Ƙulli kuma a ja shi ya ɓace cikin auduga. Wanda ya tsaya a waje, likkafa da diddigen mahayi za su cinye shi, layin ya warware.

Sai haɗin ƙyalle. Dubi inda kusurwa huɗu suka haɗu, ka ga ko sun gamu a wuri ɗaya. Bakin da ake bari a bayan ɗinki rubu'in inci ne, ko'ina iri ɗaya. Kuskuren milimita 2 a kowane haɗi ba ya ganuwa, amma a jeren haɗi 20 ya zama santimita 4, bargo ya fito da gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ƙyalle mai kusurwa uku ya fi wuya, saboda gefen da aka yanka a karkace yana miƙewa. Dutsen guga a ɗora shi a ɗaga, kada a ja. In ka gama, auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, aikin ya murɗe.

Inda aka fi gane gwani shi ne wajen auduga, kuma nan samari ke gaggawa. Ɗaga bargon tsakaninka da rana: inda haske ya ratso sosai auduga ta yi ƙaranci, inda ya yi duhu ta cure. Shafa da tafin hannu ka ji ko akwai gurya. Ko ƙwara ɗaya ce, man da ke cikinta zai ɓata yadi, kuma tana kiran ɓera. A gurje auduga tsaf, a shiɓe ta har ta tashi, a shimfiɗa ta falle-falle, kowane falle ya gicciye na ƙasansa. Tazarar layin ɗinki kada ta wuce yatsa uku, in ba haka ba wankin farko zai tara ta dunƙule-dunƙule. Audugar rimi halinta daban. Ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa kamar ta gona, shi ya sa ta dace da lifidi, amma tana da santsi, ba ta zama inda aka ajiye ta. Sai an tsare ta cikin ƙananan gidaje, a tura ta da siririn sanda har kowane gida ya cika daidai da maƙwabcinsa. Tana kama wuta nan take, don haka gawayin guga ya yi nesa da ita.

In ka ga tattara a yadin baya, ba ka fara ɗinki daga tsakiya ba, ko ba ka kama yadin da manyan ɗinki kafin ka fara ba. Yadin baya ya fi na gaba da inci huɗu kowane gefe, don ɗinki yana tsuke aiki. Atamfa kuma a wanke ta kafin yanka, a ga ko tana zuba.

Yanzu ka auna kanka, tunda yabon kai jahilci ne. Wanda sai an yanka masa sannan ya ɗinka, ɗan koyo ne komai kyan layinsa. Wanda ke yanka da kansa, aikin ya yi kyau, amma in ya ɓaci bai san dalili ba, yana tsakiya, kuma da yawa a nan suke tsufa. Wanda ya isa yaye zai dubi doki ya faɗi yadi da audugar da za su ishe shi kafin ya taɓa almakashi. Zai buɗe tsohon lifidin wani ya gyara ba a gane inda ya taɓa ba. Bayan hawa kuma, in an cire lifidin, ba za a ga inda ya goge gashin ƙirjin doki ba.

Game da ladabi, kada ka tari maigidanka da maganar da bakinka. Babba ake turawa, ni ko mahaifinka, da ɗan goro, a ji ta bakinsa. In ya sallame ka ya sa maka albarka, masu kawo masa aiki nasa ne, ba ka zawarcinsu. Kafin mu je, ɗinka ƙaramin bargo kamu biyu kai kaɗai, tun daga yanka har kalmasa, ka wanke shi sau uku, ka shanya, ka aiko mini in gani.